Makarantar da Ke Ɗaukar Uba Kafin Ɗa

Tun kafin in rufe baki na ji tsaki ya tashi daga kusurwa uku. Makarantar Faransawa? A Garwa? Alhaji ya tura hula ƙeya ya ce shi ke nan an gama da yaron, gobe zai dawo gida yana gaida gyatumarsa da sumba a kumatu. Malam ya yi a'uziyya. Ɗan'uwanmu na Yola kuwa ko yarda bai yi akwai ta ba, wai shi iyakar saninsa Garwa auduga ce da kifin Binuwai da zafin da ke narkar da kwalta. To ku saurara mini kaɗan, shayin ma ko na biyu ba a ɗora ba.

Akwai ta, mutumin Yola. Sunanta Le Tinguelin, sunan dutsen nan da ke leƙen garin. Marwa ma an kafa mata tata, Les Boukarous. Manyan yayyensu suna kudu, Fustel de Coulanges a Yawunde da Dominique Savio a Duwala. Dukkansu 'yan gida ɗaya ne, ƙarƙashin wata hukuma mai suna AEFE da Faransa ta kafa a 1990, wadda ke riƙe da akalar makarantu fiye da 500 a ƙasashe sama da 130. Kuma kafin ku ce ta 'ya'yan Turawa ce, kusan kashi biyu cikin uku na yaran da ke waɗannan makarantu a duniya ba Faransawa ba ne. 'Ya'yan masu ƙasa ne, da 'ya'yan Kwarori 'yan kasuwa, da na likitoci da ma'aikatan da aiki ke yawo da su. A garin da hedikwatar kamfanin auduga na SODECOTON take tun 1974, ga reshen cibiyar Pasteur, ga makarantar horar da masu kula da namun daji da ke karɓar ɗalibai daga ƙasashen Afirka tun 1970, ba abin mamaki ba ne a sami iyayen da ke son ɗansu ya yi karatun da zai ɗore ko an ɗauke su gobe.

Bari mu fara da kai, Alhaji, tunda kai ne babba. Ka ce tsoronka kada yaro ya koma Bafaranshe. Ranka ya daɗe, ɗanka da ke makarantar gwamnati, da wane harshe yake karatu? Da Fillanci? Da Hausar unguwar Hausare? Tun daga ajin farko har ya fita, in ba ɓangaren Ingilishi ka kai shi ba, Faransanci ake ɗura masa, kuma kai da hannunka kake saya masa littafin nahawunsa a babbar kasuwa. Ajujuwan ma iri ɗaya ne: yaro ya shiga koleji yana ɗan shekara 11 a aji na shida, baɗi ya ci gaba zuwa na biyar, sannan na huɗu, ya ƙare a na uku. Mutumin Yola, rufe bakinka, ba faɗuwa yake yi ba, haka suke ƙirga abinsu, daga sama zuwa ƙasa. Maki ma a bisa 20 ake ba shi nan da can, mai 10 ya tsallake da ƙyar, mai 16 a yi masa guɗa, 20 kuwa malaman Faransa sun fi son su mutu da ita a aljihu. Wannan jirgi da kake tsoro, Alhaji, ya tashi tun zamanin kakanka, tun da aka fatattaki Jamusawa daga Garwa a watan Yunin 1915, garin ya faɗa rabon Faransa. Shugaba Ahmadu Ahijo, haifaffen garin nan a 1924, da harshen nan ya yi mulki shekara ashirin da biyu, bai kuma manta yadda ake gaida Lamiɗo ba.

Abin da ya kamata ka ji tsoro daban ne, kuma ba wanda ya gaya maka shi. Wani ɗan littafi ne da ake ba kowane yaro ranar farko, da hotonsa manne a bango da jadawalin darussansa a baya. Karne suke ce masa. Da shi yaro zai shiga ƙofa, da shi zai fita. Ya makara minti biyar, an rubuta. Ya manta littafin lissafi, an rubuta. Ya yi surutu a ajin tarihi, an rubuta da jan biro. A ƙarƙashin kowane rubutu akwai ɗan fili, kuma wannan fili ba na yaron ba ne, naka ne. Sai ka sa hannu. Wannan littafi tamkar tsohuwar nan ce ta unguwa wadda ba ta barci ba ta mantuwa, kafin ka cire takalmi ta riga ta gaya maka abin da ɗanka ya aikata da wanda ya so aikatawa. Bambancinsu da ita, tsohuwa kana iya ba ta goro ta yi shiru.

Ka ce sai ka ba direba ya sa hannu? An riga ka. Tun farkon shekara sun karɓi samfurin sa hannunka da na Hajiya sun ajiye. Ka ce yaron ne zai ƙware wajen kwaikwayonsa, kamar yadda kai ma ka ƙware da na Baffa? To yanzu abin ya hau waya. Akwai manhajoji irin su Pronote, inda malami ke kiran suna a farkon kowane darasi ya danna, kafin ka gama karin kumallo saƙo ya iso maka cewa ɗanka ba ya aji. Makin jarrabawar jiya yana nan, aikin gida na jibi yana nan, har da abin da malamin kimiyya ya ce game da halinsa. Zamanin da yaro zai fita da jaka da safe ya wuce gindin gadar Binuwai kallon dorina, ya dawo da azahar yana hamma irin ta wanda ya sha karatu, ya wuce a irin wannan makaranta.

Kuma akwai ofis guda wanda aikinsa ke nan, ba ya koyar da ko baƙi ɗaya. Ofishin rayuwar makaranta. A cikakkiyar koleji ta Faransa akwai jami'in tarbiyya da ke shugabantarsa, da matasa masu sa ido, sirbeyan, waɗanda ke tsaye a ƙofa da safe, suna zagaya fili lokacin shan iska, suna tsare yara a ɗakin jira idan wani malami bai zo ba. A ƙaramar makaranta mutum ɗaya ko biyu ne za su haɗa wannan duka, amma aikin ba ya faɗuwa ƙasa. Ku lura da wannan ɗakin jira, don a nan ne na ga an bar mu a baya. A wurinmu in malami bai zo ba, aji ya zama kasuwar Laraba, masu tsallake katanga su tsallake. A can sa'ar da babu darasi ma tana da mai ita, tana da rajista, tana da kujera.

Malam ya tambaya, to bulala fa? Babu, Allah gafarta Malam. Ko tsinke ba a ɗaga wa yaro. Na ga ka girgiza kai, ka ce shi ya sa suke lalacewa. Tsaya ka ji abin da ya maye gurbinta. Yaro ya yi laifi, sai a ce ya dawo makaranta a lokacin da sauran ke hutawa, ya zauna sa'a ɗaya ko biyu yana aikin rubutu. Wa zai kai shi? Wa zai ɗauko shi? Wa zai bar shago da rana tsaka, ya biya ɗan kilando mai babur zuwa da dawowa? Bulalar tana nan, Malam, bayan uban ta koma. In laifin ya yi nauyi a aiko maka da takardar gayyata, da rana da sa'a, kuma a nan za ka gane masu cewa zuwa da kai ya fi aike ba su taɓa zama gaban darakta mace 'yar shekarun ƙanwarka tana karanto maka tarihin ɗanka ba. Ba a aika ƙane, ba a aika yaron shago. Uba ko uwa.

Wayar hannu kuwa, tun 2018 Faransa ta yi doka ta hana amfani da ita a firamare da koleji. Wannan dai na san ko Malam ba zai yi musu ba.

Mu koma kan sayayya, Hajiya, don na san ke za a bar wa ita. Kafin a koma karatu a farkon Satumba za a miƙo miki takardar kayan aiki, ki karanta ta a zaune. Ba "littafin rubutu goma" za a ce miki ba. Za a ce babba mai faɗin santimita 24 da tsawon 32, shafi 96, na lissafi daban, na tarihi daban, kowanne da launin rigar ledarsa. Layin cikinsa ma ba kowanne ba, sai irin wanda wani mai sayar da takardu, Seyès, ya ƙirƙiro a 1892, mai manyan gidaje da siraran layuka uku tsakanin kowane manya biyu, don a san iyakar tsayin kowane harafi. Wannan kam ba baƙo ba ne a Kamaru, amma mutumin Yola in ya kawo tsarabar littattafai daga gida, sai dai a yi lissafin cefane da su. Ga alƙalami mai shuɗin tawada, ga biro kala huɗu, ga kamfas da ma'aunin kusurwa, ga na'urar lissafi wadda aka ambaci irinta. Kowace ƙasa da inda take zuba tsantseninta. Faransawa sun zuba nasu a gefen shafi: ina aka ja layi, da wace kala, ina aka rubuta kwanan wata. Yaro zai iya samo amsa daidai a rage masa maki don aikin bai yi tsabta ba, kuma kada ki je rigima, ba za ki ci ba.

Jadawalin mako kuma sai an manna shi a bango. Kusan sa'o'i 26 ne na dole, kowane darasi da malaminsa, kuma ba lallai kullum a tashi lokaci guda ba. Wani darasin ma sai mako-mako yake zuwa, wannan mako na A, na gaba na B, uba ya tsaya a ƙofa ƙarfe goma sha biyu ashe yau ranar ƙarfe ɗaya ce. Ingilishi tun daga shiga, harshe na biyu daga aji na biyar, galibi Sifaniyanci ko Jamusanci, mai sha'awa ya ƙara da Latin. Ku lissafa da ni: yaron Hausare da ke Hausa a gida, Fillanci a titi, Larabci a allo, ga Faransanci, ga Ingilishi, ga Jamusanci. Shida. Alhaji da ke tsoron kada ɗansa ya rasa harshe, shi kansa da nawa yake ciniki?

Yanzu ga taka, Malam, ka matso. Ka ce makarantar da ba a ambaton Allah a cikinta ba makaranta ba ce. Gaskiya ne ba a koyar da addini a matsayin ibada, ba na Kirista ba, ba na Musulmi ba. A darasin tarihi na aji na biyar dai za a karanta farkon Musulunci da daulolinsa, yadda ake karanta Rumawa. Amma ka san abin da dokar Jules Ferry ta 1882 ta yi lokacin da ta fitar da limaman coci daga makarantun gwamnati? Ta ware yini guda a mako, ban da Lahadi, aka ce iyaye su kai 'ya'yansu karatun addini a waje. Ka san wace rana aka ware? Alhamis. Ranar da almajiranka ke hutu ita ce ranar da 'ya'yan Faransa ke zuwa wurin nasu malamin, shekara casa'in ana haka, sai a 1972 aka mayar da ita Laraba. Har gobe yammacin Laraba a sake yake a kolejojinsu. Wato Bafaranshe ya ce maka, ni ba zan koya masa ba, amma ga lokaci, kai ka koya masa. In yammacin Laraba ya ƙare a gaban talabijin ana kallon ƙwallon Sifaniya, ko a filin Rumde Ajiya ana yi wa Coton Sport ihu, Malam, wannan ba Jules Ferry za a tuhuma ba.

Hajiya ta ɗaga hannu tun ɗazu, na san tambayar: ɗankwali. Tambaya ce mai nauyi, ba zan yi wasa da ita ba. A cikin Faransa dokar 2004 ta hana sanya alamun addini masu fitowa fili a makarantun gwamnati, a 2023 kuma aka haɗa da abaya. Wannan dokar ƙasarsu ce, a ƙasarsu. Makarantar da ke waje tana zaune ne a kan dokokin ƙasar da ta karɓe ta, kuma kowacce tana da kundin ƙa'idojinta na cikin gida wanda iyaye ke sa wa hannu ranar rajista. Abin da ke cikin kundin nan shi ne hukunci. Don haka a karanta shi kafin a biya, ba bayan an biya ba. Mu kuwa mun saba sa hannu a takarda muna hira da na gefe, sai rigima ta tashi mu ce ba a gaya mana ba. An gaya mana, a shafi na huɗu.

Abinci ba shi da wahala. Yaro ko dai mai komawa gida cin rana ne, ko mai ci a makaranta inda ake da ɗakin cin abinci, kuma wannan ma a rubuce yake a bayan karne, mai gadi na dubawa kafin ya buɗe ƙofa. Maganar naman alade da ake ta tsorata ku da ita, ku tambaya kai tsaye, ba wanda zai ɓoye muku jerin abincin mako. Abin da ba shi da magani shi ne zafi. Manhajar da aka tsara don yaran da ke zuwa makaranta cikin rigar sanyi ita ce ake bi a garin da Maris da Afrilu ke haura digiri 40. Darasin motsa jiki dole ne, sa'o'i huɗu a mako a aji na shida, uku a sauran. Sai a kai shi sassafe, a cika gora da ruwa, a sa hula. In azumi ya faɗo a bazara kuwa, uba ne zai je ya zauna da malamin wasanni su fahimci juna, da takarda, kada ka manta, da takarda.

Hutu kuma sai ka riƙe kalanda biyu. Akwai na Faransa, wanda ke tafiya kusan mako bakwai na karatu, biyu na hutu: ƙarshen Oktoba, Kirsimeti, wajen Fabrairu, wajen Afrilu, sannan dogon na Yuli da Agusta. Akwai kuma ranakun Kamaru da dole a girmama, 11 ga Fabrairu ta matasa, 20 ga Mayu ta ƙasa, da Sallah ƙarama da babba. Sai dai hutun Sallah a takarda yini ɗaya ne, ba mako guda na yawon gaida dangi har Gidar da Mubi ba. Bikin ƙanwar matar kawunka ba uzuri ba ne. Ka rubuta shi a karne ka gani.

Ga wadda za ta sa Alhaji ya ajiye kofi. Sau uku a shekara malaman kowane aji suna zama da shugaban makaranta su bi yara ɗaya bayan ɗaya, wane ya yi ƙoƙari a yaba masa, wane a ƙarfafa masa gwiwa, wane a ja masa kunne. A teburin nan akwai wakilan iyaye biyu. Akwai kuma yara biyu, wakilan aji, waɗanda 'yan ajin suka zaɓa da ƙuri'ar sirri tun farkon shekara, da akwati da ƙirga da komai. Ɗan shekara 12 yana zaune cikin manya, ana ba shi dama ya ce, Malam, wance ba lalaci ba ne, mahaifiyarta ce ke kwance asibiti. Na ji ka, Alhaji: rashin kunya. Yaro ya kalli babba ido cikin ido? Wannan ita ce gaɓar da ni kaina nake jinjina ta, don a nan ne tarbiyyarsu da tamu ke karo da gaske, ba a kan burodi da cuku ba. Su suna horar da yaro ya kawo hujja, ya ce ban yarda ba ga dalilina, har maki ake ba shi a kan haka. Mu muna horar da shi ya sunkuyar da kai ya ce to. Yaro mai wayo yakan koyi duka biyun, ya san wadda ake cirewa a zaure tare da takalmi. Wanda bai koya ba kuwa, ranar da ya ce wa kakarsa "a ganina", gidan zai yi daɗin kallo.

Mutumin Yola ya ce wai shin yara nawa ne ma a ciki da za a yi wannan duk? Tambayarka ta fi ta kowa ma'ana, abin mamaki. Ƙananan makarantun Faransa da ke nesa da manyan birane sun fi ƙarfi a reno da firamare. In yara suka kai koleji ba su da yawan da za a ɗauko musu malamin kowane fanni, hanyar da aka saba bi ita ce ta CNED, cibiyar karatu daga nesa da Faransa ta kafa a 1939 saboda yaƙi ya tarwatsa makarantu. Darussa su zo a shirye, da can ta gidan waya, yanzu ta intanet. Yara su zauna a aji da mai bita yana bi da su, su yi aikin da aka ɗora musu a kan lokaci, a aika, wani malami da bai taɓa shaƙar ƙurar hunturu ba ya duba ya dawo da maki da sharhi. Ka ga ke nan ranar aika aiki ba ta san an ɗauke wuta ba, ba ta san intanet ya yi nauyi ba. Gidan da ke wannan tsari yakan san farashin man janareta fiye da mai gidan mai.

To me ake saya da kuɗin? Don kuɗi ne, ba na wasa ba, kuma tallafin karatu da gwamnatin Faransa ke bayarwa na yara masu takardar zama 'yan ƙasarta ne da aka yi wa rajista a ofishin jakadanci. Kai ɗan Hausare daga aljihunka za ka ciro, sau uku a shekara, ban da kuɗin shiga na farko. Sauƙinka ɗaya, sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 ba ta motsi tun 1999, don haka abin da aka ce maka a Satumba shi ne a Afrilu. Mutumin Yola da nairarsa, kada ma ya fara lissafi, hawan jini ba shi da daɗi. Abin da ake saya shi ne hatimi. Yaron da ke ajin da ma'aikatar ilimin Faransa ta amince da shi, in an ɗauke ubansa daga Garwa zuwa Dakar, ko Abuja, ko Lyon, takardar ficewa kawai zai karɓa ya shiga aji ɗaya da wanda ya bari, ba jarrabawar shiga, in dai akwai gurbi. Wanda ya fito daga wata makaranta kuwa sai an gwada shi. Ga wata kuma da iyaye ba sa faɗa da ƙarfi: a tsarin Kamaru akwai furobatuwar, jarrabawar nan da ke tare hanya shekara guda kafin bak ta kammala sakandare, wadda ta sa gidaje da yawa kuka. A tsarin Faransa babu ita. Alhaji, na ga ka daina girgiza kai.

Kada dai ku ɗauka na zo tallar haja. Makarantar da rayuwarta ke rataye da zaman baƙi, iskar siyasa na kaɗa ta. A ranar 19 ga Fabrairun 2013 aka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya, huɗu daga ciki yara, kusa da Dabanga bayan sun fito daga gandun dajin Waza, sai bayan wata biyu aka sako su. A Nuwamban shekarar aka ɗauke wani limamin coci Bafaranshe a yankin. Faransa ta shafa wa yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru jan fenti a taswirarta, Turawa da yawa suka naɗe tabarma. A Yamai kuwa, makarantar La Fontaine, babba mai tarihi, rufe ƙofa ta yi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da tsamin dangantakar da ya biyo baya. Uban da ya sa ɗansa a wannan layi ya kwana da sanin cewa rigimar da ba shi ya haɗa ba tana iya shigowa har cikin jakar makarantar ɗansa. Kuma ko lafiya lau, in yaro ya gama aji na uku ya ci birebe, jarrabawar kammala koleji, sai a sake zama: ya koma lise, babbar sakandare ta gwamnati, ya ci gaba daga nesa, ko a ɗora shi a mota zuwa Ngaundare, ya kwana a jirgin ƙasa ya wayi gari a Yawunde, ɗan shekara 15, a hannun wata gwaggo da rabonku da ita tun sunan autarta.

Akwai ƙananan abubuwa da zan wuce da sauri: takardar rigakafi, inshorar makaranta, izinin fita yawon buɗe ido, izinin ɗaukar hoto, kowanne da sa hannunsa. Har jarrabawar sanin dokokin hanya ake yi musu a aji na biyar da na uku, abin da ke nufin akwai ranar da 'yarka za ta zauna a bayan ɗan kilando tana gaya masa ya saɓa doka sau nawa daga gida zuwa shataletale.

Amma na ajiye maka mafi daɗi, Alhaji. A aji na uku kowane yaro sai ya bar makaranta na kwana biyar ya je wani wurin sana'a ya zauna yana kallo, da yarjejeniya a rubuce tsakanin makaranta da mai wurin. Ya dawo ya rubuta rahoto, yana ma iya zaɓarsa ya tsaya gaban malamai ya yi bayaninsa da baki a jarrabawar birebe. Yaran da ba su sami banki ko asibiti ba, ina kake jin suke zuwa? Shagon uba. Zai zo da littafinsa mai layin Seyès da bironsa kala huɗu, ya zauna a kan buhun shinkafa. Zai rubuta ƙarfe nawa aka buɗe. Zai tambayi ma'aikata nawa ne, nawa ake biyansu, ina takardar ɗaukarsu aiki. Zai nemi ganin littafin shiga da fita, ka ce masa yana kanka, ya rubuta "yana kansa". Zai ƙirga waɗanda suka karɓi kaya suka ce sai ƙarshen wata, da sa'o'in da manaja ya yi a kan tabarma bayan azahar, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin jimla. A shafin ƙarshe kuma akwai fili, na shugaban ma'aikata, inda za ka sa hannu ka buga hatimi cewa duk abin da ya rubuta haka yake.